Na Fita ta Ƙofar Gaba

Ellis Ferry, Louisiana
Lahadi, 14 ga Nuwamba, 1943

Zuwa ga ƙanwata Vernell,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, cikin sunan Ubangijinmu mai jinƙai. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yaranki, Junie da ƙaramar Opal. Allah ya raba su da tarin nan da kika ce hazon teku yana sa wa yara a Richmond ta California, ya kare miki idanunki daga wutar walda, ya tsare ƙafarki a kan waɗancan jiragen ruwa da kuke haɗawa. Mijinki Clifton kuma, duk inda soja ta kai shi yanzu, Allah ya sa yana ci yana sha, ya dawo muku da ƙafafunsa. Mu nan lafiya, sai godiya. An gama tsinkar auduga, bana ba ta yi abin kirki ba don ruwa ya yi mata yawa a ƙarshe. Anti Dovie tana nan da ciwon bayanta da bakinta, babu wanda ya ragu a cikinsu. Rufin coci ya sake yoyo ta wajen mawaƙa, amma da yake rabin mawaƙan suna wajenku, ba wanda yake jiƙewa.

Kafin ki buɗe wannan takarda na san Mama ta riga ta iso, don shekaranjiya Juma'a na sa ta a jirgin ƙasa a Shreveport. Roscoe ɗan Anti Dovie yana bakin aikinsa a jirgin, kuma ya yi min alkawarin zai riƙa leƙa ta har ya damƙa miki ita hannu da hannu. Na san za ta ce miki komai lafiya a gida, Ozella tana gaishe ki tana taya ki murna. Gaisuwar gaskiya ce, murnar ce babu. Tunda cikinmu ɗaya ba zan yi miki kwana-kwana ba: kishinki nake yi, Vernell. Ina kishinki tun daga wandon fatar da kike sawa har zuwa uwar da kika ɗauke min. Na roƙi Allah ya cire min abin nan daga ƙirji, bai cire ba tukuna, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta miki yadda komai ya faru, don Mama ko rabinsa ba za ta faɗa miki ba.

Ki tuna wa ya fara jin labarin aikin nan. Ni ce. Ina guga a bayan gidan Likita Hargrove na ji mai kawo ƙanƙara yana gaya wa kuku cewa wani Bature ya sauka a gari yana neman mata, baƙaƙe da farare, wai maza sun tafi yaƙi, jiragen ruwa kuma ba za su ƙera kansu ba. Ni na taka har gona na same ki a tsakiyar kunya, Opal tana barci a kan buhun auduga. Har dariya kika yi min, kika ce wane mahaukaci ne zai ba macen da ba ta taɓa ganin teku ba ta ƙera masa jirgi. Ni na lallashe ki, ni na raka ki wajen mutumin. Mu biyu za mu tafi, haka muka shirya, sai Mama ta zauna a bakin gado ta janye siket ta nuna mana gwiwoyinta a kumbure, ta ce to ita wa zai ɗebo mata ruwa a rijiya, wa zai faskara mata itace. Nan take aka yanke magana ba tare da an kalle ni ba: Vernell tana da yara biyu, miji yana soja, ita ya kamata ta tafi. Ozella kuwa ba miji ba ɗa, me ya dame ta? A gidanmu duk yadda aka juya magana a nan take tsayawa. A tasha kika rungume ni kina kuka har kika jiƙa min wuyan riga, kina cewa Yaya, da na samu inda zan sa haƙarƙarina zan aiko miki da tikiti, Anti Dovie ta dawo wajen Mama da zama, dama ɗakinta ya kusa rufto mata a ka. Anti Dovie tana tsaye, ta ce ta ji ta yarda.

Kuma kin san yadda ake yi, ba ni na ƙirƙira ba. Duk wadda ta je ta zauna da gindinta sai ta jawo ta bayanta. Arzula ta jawo ƙanwarta, 'yan matan gidan Tibbs sun jawo juna ɗaya bayan ɗaya har gidan ya koma daga tsoho sai kare. Ba mu taɓa jin an aiko wa tsohuwa ba, don aiki ake zuwa yi. Duk wadda tikitinta ya zo kuwa, ƙofata take fara bugawa, wai Ozella ke ce kazarki take kaiwa har California ba ta canza ɗanɗano ba. Tunda ba za su bar irinmu mu zauna a taragon cin abinci ba, sai in yanka, in fige, in soya, in jera a kwalin takalmi da dafaffen ƙwai da yankan kek, in ɗaure da zare. Na soya wa matan garin nan kaza har ƙamshinta ya fita daga raina. Kowacce ta karɓi kwalinta sai ta dafa min kafaɗa ta ce saura ke, ni kuma in washe baki in ce da yardar Allah, in koma in kankare kasko. Har Lula Mae, wadda ba ta iya riƙe tsintsiya yadda ya kamata ba, yau wai ita ce take tuƙa injin ɗaga ƙarfe.

Sai kuma hoton nan da kika aiko. Ga ki a tsaye da wandon fata, hular walda a ɗage a goshi, kin riƙe ƙugu kamar ke kaɗai aka bar wa yaƙin. Kin yi kyau, ba zan hana ki ba, har kumatu kika yi. Mama ta sa shi a tsakiyar Littafi Mai Tsarki ta riƙa zuwa da shi coci. Matar nan da ta zane ni da tsumagiya ranar da na sa wandon Baba don in hau rufi in toshe mana yoyo, ta ce na zubar mata da mutunci a idon maƙwabta, ita ce take bin mata bayan sujada tana cewa ku zo ku ga 'yata, gwamnati ce da kanta ta ba ta wandon. Ranar da Fasto ya yi wa'azi a kan matan zamani da suka ɗauki kayan maza, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce masa in yana ganin da siket za a ci yaƙi, to ya ari ɗaya wajen matarsa ya ɗaura ya tafi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma ni da nake shafa mata man zafi a gwiwa kowace yamma, nake ɗumama mata ruwa, nake haƙura da faɗanta in miya ta yi gishiri, ban taɓa jin ta ce wa wani ku zo ku ga 'yata ba. In aka tambaye ta ni, cewa take Ozella tana nan.

Farkon watan jiya Roscoe ya sauka hutu ya zo coci da hular aikinsa a hannu. Kin san shi bai iya raɗa ba. A harabar coci ya buɗe murya ya ce ya gan ki a tashar Oakland kin yi ɓul-ɓul, har bai gane ki ba, kuma kin ce masa zagayensa na gaba zai dawo da tikiti ɗaya na gidanmu. Bai ce na wa ba, shi ma bai tambaye ki ba, don wa zai tsaya tambaya? Mata suka yi caa a kaina, wannan ta rungume ni, waccan ta ja min kumatu. Anti Dovie ta ce bari ta je ta fara naɗe katifarta. Sista Earline, wadda muke waƙa tare, ta ce to yau ga ta, wa zai soya wa mai suyar kaza kaza? Mama tana gefe tana gyara zaman hularta, ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauka baƙin cikin rabuwa da ni ne ya rufe mata baki. Har tausayinta na ji, Vernell. A hanyar gida na riƙe mata hannu ina ce mata kada ta damu, zan riƙa aiko mata da duk abin da take so.

Washegari Litinin, ranar wanki a gidan likita. Tun ina budurwa nake shiga gidan nan ta baya in fita ta baya, kamar Mama kafin ni. Wajen tsakar rana Misis Hargrove ta shigo da rigar mijinta da na riga na goge, ta ce ke yarinya, dubi wuyan nan, ko idonki ya fara mutuwa ne, ta jefo min ita a ƙasa. Yarinya, alhali na girme ta. Kullum sunkuyawa nake in ɗauka in ce to Madam. Ranar nan bayana ya ƙi lanƙwasa. Na mayar da dutsen guga kan murhu, na kwance ƙyallen aikin da na ɗaura na ninke shi tsaf na ajiye. Na ce mata sunana Ozella Pruitt, California zan tafi in ƙera jirgi, ta nemi wadda za ta riƙa wanke wa mijinta kamfai. Ƙofar baya ga ta nan a gefen hannuna, amma ƙafafuna suka ƙi bi ta nan. Suka ɗauke ni ta kicin, ta ɗakin cin abinci, ta falo, a kan dardumar da na sha kakkaɓewa amma ban taɓa takawa da takalmi ba. Ashe matan Turawa masu naɗe bandejin da ake aika wa sojoji suna zazzaune a falon suna shan kofi. Wata har ta tsaya da kofi a bakinta. Na ce musu barkanku da hutawa, na murɗa ƙofar gaba, na fita baranda, na sauka matakala a hankali, rana tsaka, a kan babban titi. Mai askin da yake tsallake ya fito da reza a hannu yana kallona. Ba zan yi miki ƙarya ba, tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin da na ji a kan matakalar nan ba. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Anti Dovie ta tare ni a hanya tana tafa hannu, wai ke Ozella aljanu ne suka hau ki, so kike a zo a cinna mana wuta muna barci? Na ce ta kwantar da hankalinta, kafin su gama mamaki ni ina bakin teku.

Na shiga shiri gadan-gadan. Na raba kajina ga maƙwabta na bar ɗaya tak, na ba Sista Earline babbar tukunyar wankina, na je kanti na sayi takalmi mai ƙwari irin wanda aka ce ana tsayuwa da shi a kan ƙarfe. Har tsohon wandon Baba na ciro na gwada a ɗaki na rufe ƙofa, ina takawa ina juyi ni kaɗai. Sai ga Roscoe ya dawo da ƙunshi a hammata, kuma tun daga bakin shinge na ga ya ƙi haɗa ido da ni. Ya zauna a baranda yana juya hularsa yana faɗar saƙonki guntu-guntu. Wai matar Oklahoma da take riƙe miki yara ita ma ta samu aiki a wajen ƙera jirgi ta bar ki da su. Wai ɗakin da gwamnati ta ba ki ɗaya ne, kuma wurin mutum ɗaya ya rage. Wai in Yaya ce ta zo ita ma aiki za ta fita, to wa zai zauna da Junie da Opal? Saboda haka tikitin na Mama ne, a gaya wa Yaya ta ƙara haƙuri kaɗan. Na gane dalilinki, Vernell, kada ki ɗauka ban gane ba. Da ni ce a wurinki watakila abin da zan yi ke nan. Amma da kin faɗa wa Roscoe tun farko, kalma ɗaya kawai, da ban tsaya a gaban matar likita na ambaci kamfan mijinta ba.

A cikin ƙunshin akwai kwat shuɗi mai kauri da manyan maɓallai, wai saboda sanyin can. Mama ta zura shi ta tsaya gaban madubi ta juya dama ta juya hagu. Daga nan sai na ga ikon Allah. Matar da sai na tallafe ta take sauka daga baranda, ta ɗauki hanya da ƙafarta, ta tsallake gada, ta je har gidan Sista Earline don ta nuna kwat, cikin zafin rana, gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin hularta. Da ta dawo na ce Mama, ina gwiwar? Ta ce Ubangiji yana warkarwa lokacin da ya ga dama, in kiyayi bakina kada in yi saɓo. Ta ƙara da cewa ita dama tun ranar da Roscoe ya yi maganar jikinta ya ba ta, don ta san Vernell ba za ta iya da yaran nan ita kaɗai ba. Na ce jikinki ya ba ki, kika zuba min ido na je na zubar da aikina? Ta ce ai ba ita ta ce in bi ta falon mutane ba. Anti Dovie ta kwance katifarta ta mayar kan gado, ta ce ita dai ba ruwanta, duk wanda ya tashi tafiya Allah ya kiyaye hanya.

Na bi gidajen Turawan garin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman wanki. Duk suna kukan ba masu aiki tunda mata sun kwashe sun yi yamma, amma kowacce na je sai ta ce ta riga ta ɗauki wata. Matar mai kantin magani ko ƙofa ba ta buɗe ba, ta taga ta ce min tana tsoron kada ƙofar bayanta ta yi min kaɗan. Na koma gona na bi ragowar auduga da tsofaffi, abin da ake samu bai kai a faɗa ba. Mama ta ce ba za ta iya hawa jirgi da kwanciyar hankali ba in ta bar ni ba abin yi. Ba ta yi shawara da ni ba. Ta sa hularta ta coci, ta taka da gwiwoyinta da suka warke har ƙofar bayan gidan likita, ta tsaya tana ba da haƙuri, wai zazzaɓi ne ya taɓa min kai ranar nan, wai tun ina ƙarama nake haka in ya kama ni. Misis Hargrove ta ce ta ji, saboda darajar tsohuwa in dawo, amma sai na fara wanke baranda da matakalar da na taka, da burushi da sabulun soda, kuma ranar da matan bandeji suke taruwa.

Na yi, Vernell. Na durƙusa a kan babban titi na goge matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, mata suna wucewa ta gefena suna tattare siket kada ruwa ya taɓa su, mai aski ya jawo kujerarsa waje ya zauna. Kin san abin da nake tunani ina gugar? Ba matar likita ba, ita na daɗe da sanin halinta. Ke nake tunani. Ina cewa yanzu haka Vernell tana can saman jirgi iska tana kaɗa ta, wuta a hannunta, ana kiran ta da sunanta. Roscoe ya ce har kan katako ɗaya kuke zama da Turawa mata kuna cin abincin rana. Na san za ki ce aikin da wuya, tartsatsi yana ƙona wuya, ƙafa tana kumbura, kuma can ma ba ƙaunarmu suke ba. Na yarda. A ba ni wuyar nan in sha. Ni na fara jin labarin, ni na fi ki ƙarfin hannu, ni nake ɗaga tukunyar wanki cike ni kaɗai tun kina wasan 'yartsana. Da na gama na tashi da ƙyar, na kwashe bokitina na zagaya na shiga ta baya.

Ranar Alhamis na shirya Mama. Na wanke mata kai, na ɗora matsefin ƙarfe a wuta ina miƙar mata da gashi. Kazar nan ɗaya da na bari don guzurina ita na yanka mata, kuma da na duba gidan babu wani kwali sai na takalmin da na saya don tafiya, shi na zazzage na jera mata a ciki. Tana zaune a tsakanin ƙafafuna ina taje ta sai ta fara lallashina. Ta ce Ozella kada ki sa damuwa a ranki, ai ba can za a binne ni ba. Ta ce tana cikin ƙungiyar jana'iza ta coci tun Baba yana da rai, komai a shirye yake. In lokaci ya yi Vernell za ta sako ta a jirgi, Roscoe ya san yadda ake yi, ke kuma ai kina nan, sai ki tarbe ni a tasha ki kai ni kusa da Babanku. Farar rigar da za a sa mata tana cikin akwati a ƙarƙashin gado, ta bar min ita, in riƙa shanya ta kada asu ya ci. Ta ce shi ya sa bai kamata duka mu watse ba, dole wata ta zauna ta riƙe wurin ta riƙa cire ciyawa a kabari, kuma ba wadda ta yarda da ita a kan wannan kamar ni. Har cikin ranta gani take girmama ni take yi. Na riƙe matsefin har ya huce a hannuna. Ashe an raba Mama tsakaninmu ban sani ba. Ke aka ba ki mai rai, wadda za ta dafa wa yaranki wake ta yi musu waƙa ta yi dariya. Ni rabona zai zo a cikin akwatin katako. Na mayar da matsefin wuta na ƙarasa mata gefen da ya rage.

A tasha taragon da aka ware mana mu baƙaƙe ya cika maƙil da mata da jarirai da sojoji, kowa da kwalinsa a cinya. Wata yarinya mai kirki ta tashi ta ba Mama wuri kusa da taga. Na tsaya a ƙasa ina jira ta yi kuka ko da kaɗan ne, irin wanda ta yi ranar da kika tafi har sai da aka riƙe ta. Ba ta yi ba. Ta ce in kula da kaina, in riƙa rufe ƙofa da wuri, sannan ta juya tana tambayar matar da take kusa da ita ko gaskiya ne a can lemu yana faɗowa a bakin titi ba mai tsinta. Jirgi bai gama fita daga tasha ba na hango ta tana kwance zaren kwalin.

Tunda yanzu taki ce, bari in gaya miki abin da ba za ta faɗa ba. Ciwon gwiwar nan na gaske ne, kada rawar kan da take yi ta ruɗe ki, murna ce take ɗauke da ita, kuma da sanyin teku ya shige ta zai dawo da ƙarfinsa. Kwalbar man zafi tana cikin safarta a ƙasan akwati. Ki ɗumama shi a tafin hannu tukuna, ki shafa daga ƙasa zuwa sama, za ta ce kin cika dannawa, kada ki saurare ta. Kunnenta na hagu ya daina ji amma ba ta yarda a faɗa, saboda haka ki riƙa zama ta damanta, kuma kada ki bar ta ta tsallaka titi ita kaɗai da yara, ba ta saba da motoci da yawa ba. Ki nemo mata gwangwani saboda tabar da take sawa a leɓe, in ba haka ba za ta ɓata miki bayan gado. In kika ga ta yi shiru tana murza zoben Baba, ba fushi take ba, ki kawo mata kofi baƙi ki ƙyale ta. Zan so in ce ki dawo min da ita in ta dame ki, amma na san ba za ta yarda ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya zaunar da ni rubutu tun ban cire kayan coci ba. Yau bayan wa'azi Fasto ya ce kowa ya durƙusa mu roƙi Allah ya kawo ƙarshen yaƙin nan da wuri, 'ya'yanmu da mazanmu su dawo gida. Coci ta ɗauka da amin, Sista Earline tana kusa da ni tana kuka saboda ɗanta. Ni bakina ya ƙi buɗewa. Domin a tasha Roscoe ya faɗa min abin da kowa ya sani ba ya so ya faɗa, cewa ranar da maza suka dawo za a karɓe hular walda daga hannun mata, kuma da mu baƙaƙe za a fara. Wadda ba ta je kafin ranar ba, ta rasa ke nan. Ina durƙushe a gaban Ubangiji na ji zuciyata tana cewa ba yanzu ba, ka ɗan jinkirta har in samu in je. Na san Clifton yana can ana harbinsa. Clifton da ya yashe mana rijiya, da yake ce min Babbar Yaya yana cire hula. Ni na ɗinka miki rigar auren da kika tsaya da ita kusa da shi. Na tashi daga durƙuson nan na kasa kallon Sista Earline.

Ga inda kishinki ya kai ni, ƙanwata. Saboda haka kada ki aiko min da kwat, kada ki aiko da komai don ki wanke kanki. Ki nemo min wuri, ko a ƙasa ne kusa da murhu, ko a gidan wasu ne da ban sani ba. Ciyawar kabarin Baba Anti Dovie za ta iya cire ta. So nake in aka yi addu'ar nan in iya cewa amin kamar kowa.

Ki gaishe min da Mama, ki ce gida yana nan yadda ta bar shi. Ki sumbaci Junie da Opal. Ina gaida Arzula da ƙanwarta, da 'yan matan gidan Tibbs, har da Lula Mae. Anti Dovie da Sista Earline suna gaishe ku duka. In kin rubuta wa Clifton ki ce Babbar Yaya tana gaishe shi, sauran kada ki faɗa masa.

Ni ce yayarki,
Ozella